Rumbun fayil mai rassa: Abin da manyan ma'aikatun Kebbi za su gwada kafin su biya ɗan kwangila

A daren 26 ga Satumba, 2025, gobara ta tashi a babbar cibiyar adana bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke birnin Daejeon. Batir ne ya kama da wuta a lokacin da ma'aikata ke ƙoƙarin sauya masa wuri. Kafin gari ya waye, ayyukan gwamnati sama da 600 da ake gudanarwa ta intanet sun tsaya cak.

An yi ta farfaɗo da su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya gagara shi ne wani rumbu mai suna G-Drive, inda ma'aikatan gwamnati ke ajiye takardun aikinsu na yau da kullum. Bayanai masu yawan terabait 858 ne a cikinsa, kuma babu kwafinsu a wani wuri. Dalilin da jami'ai suka bayar shi ne rumbun ya yi girma da yawa, shi ya sa ba a yi masa kwafi ba.

Wannan fa Koriya ta Kudu ke nan, ƙasar Samsung, inda ɗauke wuta baƙon abu ne. To ina ga ma'aikatar da hedkwatarta ke Birnin Kebbi, rassanta kuma suna Jega da Aliero da Maiyama, har da ƙananan garuruwa irin su Katanga?

Tambayar ba ta nesa ba ce. A wannan yanki akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar da aka kafa a Aliero a 2006, wadda yanzu ake kira da sunan Abdullahi Fodio. Akwai kwalejin kimiyyar lafiya a Jega, ga asibitoci, ga sakatariyoyin ƙananan hukumomi. Duk hukumar da ta kai irin wannan girma tana tara takardun da rayuwar mutane ta rataya a kansu: sakamakon jarrabawar ɗalibi, katin marar lafiya, jerin masu karɓar albashi, fayil ɗin ɗan fansho.

Wanda ya san ofisoshin ƙasar nan ya san inda irin waɗannan takardu suka fi zama. Wasu na cikin kwamfutar sakatare, wasu a filashin da ke aljihun akawu, wasu kuma a zauren WhatsApp na ma'aikata. Ranar da kwamfutar ta lalace ko aka yi wa mai ita sauyin wurin aiki, sai a fara cigiya. Daga nan ne shugabanni kan fara maganar sayen “saba”, 'yan kwangila kuma su iso da takardu masu sheƙi.

Mene ne rumbu mai rassa?

Saba, wadda wasu ke kira uwar garke, babbar kwamfuta ce da sauran kwamfutocin ofis ke ajiya a cikinta. Idan ita kaɗai ce, to ranar da ta mutu kowa ya zauna. Rumbu mai rassa shi ne a haɗa irin waɗannan kwamfutoci da yawa, wani lokaci a garuruwa daban-daban, amma ma'aikaci ya riƙa ganinsu tamkar akwati ɗaya. Ya buɗe fayil, ya gyara, ya rufe, ba ruwansa da wace na'ura ce ke riƙe da shi.

Fasahar ta daɗe. Kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya fito da NFS a 1984, kuma har gobe ana amfani da shi. A daidai wannan zamani Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh ta haɗa gwiwa da kamfanin IBM suka gina AFS, da nufin haɗa dubban kwamfutocin malamai da ɗalibai a rumbu ɗaya.

Dabarar AFS ta cancanci a tsaya a kanta, domin matsalar da ta warware ta yi kama da ta yankin nan. Layukan sadarwa na wancan lokaci ba su da ƙarfi. Saboda haka idan mutum ya buɗe fayil, sai kwamfutarsa ta ɗauko kwafi ta ajiye a wurinta, ya yi ta aiki ba tare da komawa ga saba ba. Ita kuma sabar ta ɗauki alkawarin sanar da shi idan wani ya sauya fayil ɗin. Da wannan ne saba ɗaya ta iya ɗaukar mutane da yawa. IBM ya saki manhajar kyauta a 2000 da sunan OpenAFS. Bankin Morgan Stanley ya yi amfani da AFS wajen haɗa ofisoshinsa na ƙasashe daban-daban, haka ma cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Jeniba ta shafe shekaru a kansa.

Masana na jami'ar ba su tsaya nan ba. Daga 1987, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mahadev Satyanarayanan, suka fara gina wani tsarin mai suna Coda, wanda ke barin mutum ya ci gaba da aiki ko da layi ya yanke gaba ɗaya, sannan a daidaita komai idan ya dawo. Coda bai yi kasuwa ba. Amma tambayar da ya taso da ita, ita ce ta fi kowace muhimmanci ga mai sayen rumbu a Kebbi.

Idan sabis ya ɗauke a Katanga

A ɗauka wata hukumar lafiya ta sa duk takardunta a rumbu mai rassa. Ma'aikaciyar wani ƙaramin asibiti a Katanga ta buɗe jerin magungunan da suka rage a sito, tana cire waɗanda aka bayar. Ana cikin haka sabis ya ɗauke. A Jega kuma, jami'in da ke kula da shiyyar ya buɗe wannan jeri, ya ƙara magungunan da aka turo daga Birnin Kebbi.

Yanzu an sami jeri biyu, kowanne da gaskiyarsa. Da yamma sabis ya dawo. Wanne rumbun zai riƙe?

Hanyoyi biyu ne kawai. Ko dai tun farko rumbun ya hana ma'aikaciyar Katanga taɓa fayil ɗin har sai layi ya dawo, ta zauna hannu rabbana alhali marasa lafiya na kan benci. Ko kuma ya bar kowa ya yi aikinsa, daga baya a zo ana raba gardama. Wani masanin kwamfuta na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Eric Brewer, ya bayyana wannan a 2000, kuma bayan shekara biyu wasu masana suka tabbatar da shi ta hanyar lissafi: muddin layi ya yanke tsakanin rassa, ba za a sami duka biyun ba, wato kowa ya ci gaba da aiki kuma kowa yana ganin abu ɗaya. Dole a zaɓi ɗaya.

Saboda haka duk ɗan kwangilar da ya ce na'urarsa na yin duka biyun, ko dai bai fahimci tambayar ba, ko kuma yana fatan mai saye bai fahimta ba.

A ƙasashen da aka ƙirƙiro waɗannan manhajoji, yankewar layi abu ne na jefi-jefi. A nan kuwa abin yau da gobe ne, kuma wani lokaci ba na awa ɗaya ko biyu ba. A farkon Satumban 2021 hukumar NCC ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a duk faɗin jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, matakin da ya bazu zuwa wasu ƙananan hukumomin Sakkwato da Katsina, aka kwashe makonni babu kira balle intanet. A Satumban 2023 gobara ta ƙona manyan taransifomomi a tashar lantarki ta Birnin Kebbi, ta jefa Kebbi da Sakkwato cikin duhu. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa, har manhajojin wasu bankunan Najeriya suka daina aiki.

Matsala uku ke nan daban-daban, kuma kowace na kashe nau'in rumbu daban. Ta farko ta raba reshe da hedkwata. Ta biyu ta kashe hedkwatar kanta idan dizal ya ƙare. Ta uku ta raba ƙasar baki ɗaya da duk abin da aka ajiye a Turai ko Amurka.

Zaɓin da ke kasuwa

Sunan da injiniyoyi suka fi ambato a yau shi ne Ceph, manhaja ta kyauta da Sage Weil ya fara a matsayin aikin digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, aka gabatar da ita a 2006. CERN na cikin manyan masu amfani da ita. Ceph na ajiye kowane bayani sau uku a na'urori daban-daban, ta yadda idan faifai ɗaya ya mutu sai ta sake gina kwafinsa da kanta.

Sai dai akwai abin da takardar talla ba ta cika faɗa ba. Wanda ya sayi faifai mai cin terabait 30, terabait 10 kawai zai mora, kuma da rumbun ya kai kashi 85 cikin 100 zai fara gargaɗi. Sannan Ceph na daga cikin masu zaɓen tsayawa a kan rarrabuwar kai. Tana da na'urori masu sa ido, galibi uku ko biyar, kuma sai mafi rinjayensu na jin juna take aiki. Ɓangaren da ya tsinci kansa shi kaɗai zai tsaya. Tana kuma son layi mai saurin gaske tsakanin na'urorinta. A cikin harabar jami'a ɗaya, inda aka binne wayar fayiba daga gini zuwa gini, Ceph doki ce. A raba ta tsakanin Birnin Kebbi da Maiyama a kan layin kamfanin waya kuwa, wahala aka saya da kuɗi.

Ofisoshin da suka saba da Windows sukan karkata ga DFS na Microsoft, wanda ke ajiye kwafin babban fayil a kowane reshe yana daidaita su a hankali. Shi ya zaɓi ɗaya hanyar: reshe zai ci gaba da aiki ko layi ya yanke. Amma idan mutum biyu a rassa biyu suka gyara takarda ɗaya, wanda ya ajiye daga ƙarshe shi ne ya yi nasara. Aikin ɗayan kuma sai a tura shi wata ɓoyayyiyar ma'ajiya da ma'aikaci na gari bai ma san da ita ba. A misalin Katanga, wannan na nufin magungunan da aka riga aka bayar za su iya dawowa cikin lissafi ba tare da kowa ya lura ba.

Nextcloud, wadda wani Bajamushe mai suna Frank Karlitschek ya kafa a 2016, ta fi sauƙin kafawa, tana kuma aiki a wayar hannu, abin da ke da muhimmanci a inda ma'aikaci ya fi riƙe waya a kan kwamfuta. Idan aka yi karo, takan ajiye kwafin biyu ta sa wa ɗaya alama, mutum ya duba ya zaɓa. Ba ta warware gardamar ba, amma aƙalla ba ta ɓoye ta.

Sai kuma haya, wato a ajiye komai a rumbunan Google ko Microsoft ko Amazon. Babu janareta, babu na'urar sanyaya ɗaki, babu fargabar ƙurar hunturu da zafin Afrilu da ke haura digiri 40 alhali na'urorin sun fi son ɗakin da bai wuce 27 ba. Zuwan Starlink Najeriya a Janairun 2023 ya ƙara wa wannan zaɓi farin jini a karkara. Amma farashin haya na bin dala, kuma duk wanda ya yi kasafi kafin Yunin 2023 ya ga yadda faɗuwar naira ta yi da lissafinsa. Ga hukumomin gwamnati akwai kuma ƙa'idar NITDA ta 2013 da ta ce a ajiye bayanan gwamnati a cikin gida. Kamfanin Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya, wanda aka kafa a 2006, yana da cibiyoyin ajiya a Abuja da Kano saboda irin wannan buƙata.

A gaskiya ma, ba kowace takarda ce ta dace da rumbun fayil ba. Jerin magunguna ko makin ɗalibai, abin da mutane da yawa ke sauyawa a rana ɗaya, ya fi dacewa da manhajar da ke rubuta kowace shigarwa daban, da sunan mai shigarwa da lokaci. Rumbun fayil ya fi kyau da wasiƙu, rahotanni, hotunan takardun shaida da kundin bincike. Hukumar da ba ta fara rarrabe takardunta haka ba, ba ta shirya zuwa kasuwa ba.

Kwafi uku ba ajiya ba ne

Manomin albasa a Aliero ya san cewa yawan rudu ba shi ke hana asara ba. Idan ruɓaɓɓiya ɗaya ta shige cikin tari, ta makwabtanta za ta fara. Haka rumbu mai rassa yake. Aikinsa shi ne ya tabbatar duk kwafin sun zama iri ɗaya, cikin gaggawa. Idan akawu ya goge fayil bisa kuskure, rumbun zai goge shi a ko'ina. Idan masu kutse suka kulle takardu suna neman kuɗin fansa, rumbun zai yaɗa kullallun zuwa kowane reshe da aminci irin na ɗan aike.

Kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya ɗanɗana wannan. Ranar 27 ga Yuni, 2017, wata muguwar manhaja da aka sa wa suna NotPetya, wadda ta taso daga Yukren, ta ratsa kwamfutocin kamfanin a duniya cikin ɗan lokaci. Kamfanin na da na'urori kusan 150 masu riƙe da rajistar ma'aikata da izinin shigarsu, kowace kwafin 'yar'uwarta ce, kuma an ɗauka hakan ya wadatar. Duk suka tafi tare.

Sai guda ɗaya. Kamar yadda mujallar Wired ta ruwaito a 2018, an gano wata na'ura a ofishin kamfanin da ke Ghana wadda ta tsira, saboda an ɗauke wuta kafin harin, ta yanke daga sauran. Layin intanet na ofishin ba zai iya tura bayanan cikin lokaci ba, ma'aikatan wurin kuma ba su da bizar Ingila. Sai wani ya ɗauko faifan ya hawo jirgi zuwa Najeriya, ya miƙa wa wani abokin aiki a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi Landan. Kamfanin ya sake kafa sabobi 4,000 da kwamfutoci 45,000 cikin kwana goma, asararsa kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

Abin dariya ne a ce ɗauke wuta ya ceci kamfani mai wannan girma, amma darasin injiniyoyi ke nan: sai an sami kwafi ɗaya da ba ya haɗe da komai. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya kuma a wani gari. Kwafin da ke ɗakin da ke maƙwabtaka da saba ba ya cikin lissafi, domin gobara ɗaya ce za ta ci su. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi kuma ba zai ajiye na biyun a ƙasan bene kusa da fadama ba.

Lissafin da ba a cika yi ba

Ajiye kwafi a Abuja ko Kano abu ne mai kyau, amma kwana nawa za a ɗauka kafin a dawo da shi? Lissafin ba wuya. Terabait ɗaya a kan layi mai gudun megabit 10 a daƙiƙa zai ci fiye da kwana tara, idan layin bai yanke ko sau ɗaya ba. A kan mai megabit 100, kusan awa 22. Hukumar da ke da terabait 20 a kan ƙaramin layi za ta jira wata shida. A irin wannan hali, direba da mota da faifai a jaka sun fi intanet sauri, kamar dai yadda Maersk ya gano.

Sai batun doka. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kulawa ta musamman, ta kuma wajabta sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Rumbun da ba ya rubuta wa ya buɗe wane fayil da kuma yaushe, ba zai taimaki shugaban da ke ƙoƙarin amsa wannan tambaya ba. Haka wanda ma'aikata goma ke shiga da lambar sirri ɗaya.

Mafi tsada a cikin lamarin duka shi ne mutum. Na'urori da yawa na nufin kulawa da yawa, kuma kuskure ɗaya a reshe ɗaya ya isa. A Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amince cewa wani gyaran manhaja da bai hau kan wasu sabobin hukumar daidai ba ya ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. JAMB ke nan, mai kuɗi da ƙwararru. Manhajar Ceph kyauta ce, amma wanda ya iya ta ba kyauta ba ne, kuma bankunan Legas da kamfanonin waje na nemansa. Idan mutum ɗaya ne tak a hukuma ya san yadda rumbun ke aiki, to takardar murabus ɗinsa ta fi gobara haɗari. Abin da ya kamata a rubuta cikin kwangila shi ne horar da aƙalla mutum biyu na cikin gida, da miƙa duk lambobin sirri, da kuɗin sauya batir da faifai na shekara biyar, ba kuɗin kafawa kawai ba.

Gwajin kansa ba ya buƙatar digiri. Kafin a sa hannu a takardar kammala aiki, a ajiye rumbun gwaji na wata ɗaya da takardu na gaske, da ma'aikata na gaske, a reshen da sabis ya fi rauni, ba a ofishin shugaba ba. A tsakiyar aiki a zare wayar da ta haɗa reshen da hedkwata, a ga abin da zai bayyana a fuskar kwamfutar ma'aikaci. A sa mutum biyu su gyara takarda ɗaya, a mayar da wayar, a nemi aikin kowannensu. A kashe wuta ba sanarwa, a ga ko rumbun zai tashi da kansa ko sai an kira Abuja. A zare faifai ɗaya yana cikin aiki. A goge wani fayil ranar Litinin, a ce wa ɗan kwangila ya dawo da shi ranar Alhamis, a riƙe agogo.

Na ƙarshe shi ne a ce masa ya kwashe duk bayanan zuwa faifai na gama-gari, wanda kowace kwamfuta za ta iya buɗewa ba tare da manhajarsa ba, ma'aikacin hukumar kuma ya buɗe fayil ɗari daga ciki da hannunsa a gaban kwamitin karɓar aiki.